Tatsuniya Ba Dodo: Nazari a Kan Fasahar Jere ta Rahima Gambo a Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Ba kasafai manazarta harshe da adabin Hausa kan waiwayi abin da masu zane da masu ɗaukar hoto suke yi ba, domin an ɗauka wannan fage ne na wani sashe dabam a jami'a, mai nasa malamai da nasa kalmomi. Sai dai akan sami lokacin da mai fasaha zai tsallako iyaka ya ɗebi wani abu daga rumbun adabi, to a nan kuwa ya zama wajibi masu rumbun su bi sawu su ga yadda aka yi da kayansu. Irin haka ce ta faru a shekarar 2017, sa'ad da Rahima Gambo, 'yar Nijeriya mai ɗaukar hoto wadda aka haifa a Landan a 1986, ta raɗa wa wani aiki da ta yi tare da 'yan mata 'yan makaranta a Maiduguri suna *Tatsuniya*. Aikin ba labari ba ne da aka faɗa da baki, ba kuma littafi ba ne. Hotuna ne da bidiyo waɗanda akan shirya a ɗakin nuni, mai kallo ya shiga ya zagaya a tsakaninsu.

Wannan muƙala tambaya ɗaya take son amsawa, wato ko aikin ya ci sunansa. Ra'ayin da za a kare shi ne, ta fuskar zubi da tsari ya ci sunan, har ma a wasu wurare ya fi tatsuniyoyin da aka taskace a littattafai kusa da tatsuniyar baka. Amma akwai wani ginshiƙi guda na tatsuniya da ya yi rauni a cikinsa, kuma raunin ba ƙarami ba ne.

2.0 Matsalar Suna

Kafin a shiga aikin kansa, akwai buƙatar a daidaita a kan sunan irin wannan fasaha, tun da har yanzu ba ta da tsayayyen suna a Hausa. Da Ingilishi ana kiranta *installation*. Abin nufi shi ne, maimakon mai fasaha ya yi zane guda a rataye a bango, ko ya sassaƙa siffa guda a ɗora bisa dakali, sai ya karɓi ɗaki sukutum ya shirya abubuwa iri-iri a ciki, ta yadda ɗakin da abin da ke cikinsa za su zama aiki ɗaya. Mai kallo ba daga nesa yake tsayawa ba. Shiga yake yi, kuma inda ya tsaya da inda ya fara dubawa su ne za su tsara masa abin da zai fahimta. Masu tarihin fasaha sukan ambaci Kurt Schwitters cikin magabata, wato Bajamushen nan da ya mayar da ɗakunan gidansu na Hanoba wani irin gini na tarkace tun daga shekarun 1920, ginin da bom ya rushe a 1943. Na'ura kuwa ta shigo fagen ne sosai a 1963, lokacin da Nam June Paik, mutumin Koriya, ya jera akwatunan talabijin da ya jirkita hotunansu a wani nuni a garin Wuppertal na Jamus. Daga nan bidiyo da kwamfuta da majigi da lasifika suka zama kayan aiki kamar yadda alli da fenti suke. A Nijeriya, Emeka Ogboh ya yi suna wajen naɗar hayaniyar Legas, har da ihun yaran mota masu kiran fasinja, yana sakinta a titunan biranen Turai. A 2015, a babban nunin birnin Benis na Italiya, ya jera lasifikoki suna rera taken ƙasar Jamus da harsunan Afirka goma, da muryoyin 'yan Afirka mazauna Jamus.

Idan aka bi fassara kai tsaye, kalmar da za ta fara zuwa ita ce *girke*, daga *girka*. Matsalarta ita ce tana da maƙwabta masu ƙarfi: Bahaushe na jin *girka* sai tunaninsa ya tafi ga tukunya a kan murhu, ko kuma ga girkar bori. *Kafi* ma haka, domin ya riga ya zama sunan asirin tsare gari ko gida. Kalmar da ta fi dacewa tana nan a cikin gida, ita ce *jere*. Idan za a kai amarya, mata sukan riga ta zuwa ɗakin su yi jere: a shirya ƙore da tasoshi da kwanuka da fayafayi, a jera su hawa-hawa bisa ƙa'idar girma da launi, sannan 'yan ganin ɗaki su shigo su duba. Abin lura shi ne, kwanon jere ba a cin tuwo a cikinsa. An ɗauke shi daga aikinsa na kullum an mayar da shi magana, yana faɗin arzikin gidan da amarya ta fito da yawan danginta da kuma gwanintar masu jeren. Kuma kwano ɗaya ba ya faɗin kome sai an haɗa shi da 'yan'uwansa a cikin ɗakin. Wannan ita ce ainihin ƙa'idar fasahar da ake magana a kai. Al'adar ba ta Hausawa kaɗai ba ce, domin Editha Platte ta yi nazari a 2004 a kan jeren kwanuka da robobi a ɗakunan matan Barebari a Borno. Saboda haka a wannan muƙala za a riƙa cewa *fasahar jere*, idan kuma da bidiyo ko sauti a ciki a ce *jere mai na'ura*. Wani amfanin sunan shi ne yana rage ƙarfin zargin da akan yi cewa abin baƙo ne ɗungurungum. Na'urar ce baƙuwa, amma shirya ɗaki domin ya yi magana tsohon abu ne a hannun mata.

3.0 Daga Rahoto Zuwa Tatsuniya

Rahima Gambo aikin jarida ta karanta a Jami'ar Kolambiya da ke Niyok, kuma da idon ɗan jarida ta fara zuwa arewa maso gabas a 2015. Abin da ta tarar sananne ne. Tun bayan rikicin Yulin 2009 a Maiduguri, wanda aka kashe Muhammad Yusuf a ƙarshensa, makaranta ta zama abin hari. An kashe ɗalibai a Mamudo a Yulin 2013, da Gujba a Satumbar wannan shekara, da Buni Yadi a Fabrairun 2014, duk a Jihar Yobe. Ranar 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. A cikin Maiduguri kanta, makarantar sakandare ta Shehu Sanda Kyarimi, wadda ta ci sunan Shehun Borno da ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1967, tana cikin waɗanda 'yan bindiga suka shiga a 2013. Aikinta na farko, wanda ya haɗa hotuna da rubutu da bidiyo da zane-zane irin na littattafan makaranta, ta kira shi *Education is Forbidden*, kuma an nuna shi a taron masu ɗaukar hoto na Afirka da aka buɗe a Bamako a ƙarshen 2017.

Wannan suna fassara ce ta *boko haram* kamar yadda jaridun duniya suka saba fassara shi, kuma manazarcin harshe ba zai wuce shi bai tsaya ba. *Boko* ba ilimi ba ne. An daɗe ana cewa daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi aka aro ta, amma Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar Hausa ce ta asali, mai ma'anar algus ko yaudara ko abin da ba na gaske ba, kuma ƙamusun Bargery na 1934 ya riga ya kawo waɗannan ma'anoni. Iyayen da suka kira makarantar Nasara *boko* cewa suke yi karatun jabu ne idan aka gwada shi da na allo. Fassarar Ingilishi ta shafe wannan gardama gaba ɗaya, ta bar magana mai sauƙi: ga masu son ilimi, ga maƙiyansa. Aikin farko na Gambo bai tsaya a wannan sauƙi ba, domin ya taɓo tarihin makarantar boko tun zamanin Turawa, da lalacewar ajujuwa da ta riga rikicin zuwa. Duk da haka yana cikin tsarin rahoto: ana tambayar yarinya abin da ya faru ranar da aka shigo, ta faɗa, a ɗauki hotonta. A wannan tsari ɗaliba shaida ce kawai, kuma darajarta a wurin mai karatu tana daidai da munin abin da ta gani.

Da ta koma makarantar Shehu Sanda Kyarimi a 2017 sai ta sauya hanya. Maimakon ta tambayi ɗalibai abin da ya same su, sai ta shirya wasa da su. A cikin hotuna da bidiyon da suka fito daga nan, ana ganin 'yan mata cikin kayan makaranta masu jan gida-gida suna tafa hannu, suna ɓuya, suna riƙe da kyandir a aji mai duhu, ko suna tsakanin korayen ganyaye da aka shigo da su aji. A wasu kuma ajin ne ya bar gini ya koma cikin itatuwa. Babu bindiga, babu gawa, babu mai kuka. Wannan shi ne abin da ta kira *Tatsuniya*.

4.0 Inda Sunan Ya Zauna

Masana sun daɗe suna taskace tatsuniyoyin Hausa, tun daga Schön a ƙarni na 19, da Frank Edgar wanda ya fitar da juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, har zuwa *Tatsuniyoyi da Wasanni* na Ibrahim Yaro Yahaya a farkon shekarun 1970. Amma kowane manazarci ya san abin da takarda take zubarwa. Tana adana labarin, ta bar dare da tabarma da muryar tsohuwa da yaran da suka matso jikinta. Sa'idu Ɓaɓura Ahmad ya nuna a littafinsa na 1997 cewa tatsuniya ɗaya takan sauya kama daga bakin wannan zuwa na wancan, wato mai bayarwa shi ma mai fassara ne. Ke nan tatsuniya ba matani ba ce kawai, zama ce a wani wuri a wani lokaci. A nan ne jere mai na'ura ya fi littafi kusa da ita. Ɗakin da ake nuna bidiyo dole a rage masa haske, mai kallo ya baro rana a waje ya shiga wani ƙaramin dare da aka ƙirƙira. Hausawa suna da camfin cewa wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata, kuma ko ba a yarda da camfin ba, hikimarsa a fili take: sai ido ya daina ganin kayan duniya sannan zuciya take iya ganin Gizo. Kyandir ɗin da ke hannun 'yan matan aikin fitilar aci-balbal yake yi. Yana haska fuska, ya bar sauran ajin a duhu, inda mai kallo zai cika da abin da ke ransa.

Abu na biyu shi ne matsayin ƙarya. Tatsuniya ita ce nau'in adabin da ke shelar cewa ƙarya ne, domin mai bayarwa yakan rufe da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Wannan shela ce take ba ta 'yancin faɗin abin da ba a faɗa da rana: zaluncin kishiyar uwa, da wautar sarki, da kwaɗayin malami. Hoton jarida akasin haka yake, yana rantsuwa cewa abin da ya nuna haka ya faru, alhali shi ma an zaɓi inda za a tsaya da wanda za a ɗauka. Gambo ta bar rantsuwar. Kowa ya ga reshen itace a tsakiyar aji ya san shigo da shi aka yi. Akwai wata al'adar biki da ta dace a tuna a nan, wato *amaryar boko*, yarinyar da akan yi wa shiga irin ta amarya a tafi da ita a bainar jama'a, alhali amaryar gaskiya tana wani wuri. 'Yan matan da ke cikin *Tatsuniya* su ne 'yan makarantar da kansu, amma sun fito ne a matsayin masu wasan kwaikwayon kansu. Mai kallo yana samun siffar, abin da ke cikin ransu game da 2013 kuwa an bar musu kayansu. A ganin wannan muƙala, wannan shi ne babban abin yabo a aikin, kuma yabo ne na ɗa'a kafin ya zama na fasaha. Yarinyar da aka sa ta maimaita labarin ranar tashin hankali ga baƙo bayan baƙo, an mayar da ita ma'ajiyar wannan rana. Wadda aka ce ta nuna wasan da ta iya kuwa, an tambaye ta abin da ta fi mai tambayar sani.

Sai batun gida da daji, wanda shi ne ƙashin bayan tatsuniyoyi masu yawa. Gida wurin tsari ne da doka, daji kuwa wurin da dabba take magana, kuma tauraruwa takan bar gida ta shiga daji, ta haɗu da abin tsoro, ta dawo da arziki ko ta halaka, kamar yadda ya faru ga 'yar bora da 'yar mowa a tatsuniyar ruwan Bagaja. A Borno ta shekarun rikici, kalmar *daji* ta sami wata ma'ana mai nauyi, domin idan aka ce an tafi da yarinya daji kowa ya san Sambisa ake nufi. To shigo da ganye cikin aji, da fitar da aji cikin itatuwa, rushe katangar da ke tsakanin wuraren biyu ne. Ana iya karanta shi ta fuska biyu: daji ya ci makaranta, ko kuwa 'yan makaranta sun ƙwace daji sun mayar da shi filin wasa. Aikin bai zaɓa wa mai kallo ba, kuma daidai ne da bai zaɓa ba.

Inda ya saɓa wa tatsuniyar gargajiya ƙarara shi ne rashin Dodo. A tatsuniyoyin da 'yan mata suke taurari, da wuya a rasa shi: ko ya tare su a bakin rafi, ko ya rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi ya auri wadda ta raina samarin garinsu. A nan kuwa an jera duk abin da ke kiran Dodo, wato dare da daji da 'yan mata su kaɗai, amma bai fito ba. Mai kallo ne yake shigowa da shi a cikin kansa, daga abin da ya ji a rediyo game da Chibok da Dapchi. Yana duban yarinya ta rufe ido tana wasan ɓuya, sai gabansa ya faɗi, alhali babu abin tsoro a hoton. Daga nan sai tambaya ta juyo kansa: me ya sa ba ya iya ganin 'yar Maiduguri tana wasa ba tare da ya jira masifa ba? Za a fi ganin ƙarfin wannan dabara idan aka gwada ta da aikin Prune Nourry, Bafaranshiyar da ta haɗa kai da malamai da ɗaliban Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife suka gina kawunan yumɓu 108 na 'yan matan Chibok da ba su dawo ba, aka nuna a Legas a 2022. Wancan jere na makoki ne, yana ƙirga waɗanda babu. Na Gambo yana duban waɗanda suke nan, waɗanda suka koma aji bayan an buɗe makarantu, kuma ba su da wani suna a jarida domin ba a sace su ba.

Akwai kuma bambanci wajen rufewa. Tatsuniya tana da ƙurunƙus, kalmar da ke yanke labari ta sallami yara su je su kwanta. Bidiyon da ke cikin jere kuwa bisa al'ada kewayawa yake yi, in ya kai ƙarshe ya koma farko, sai dai mai kallo ya gaji ya fita. Wani zai ce wannan naƙasu ne. Amma ga labarin da ba a rufe babinsa ba, rashin ƙurunƙus ya fi gaskiya.

Ba a rasa abin suka ba ko a nan. Hotunan suna da kyau ƙwarai, jan tufafi a kan koren ganye, kuma kyau yana da haɗarinsa. Mai kallon da bai san Maiduguri ba yana iya fita da daɗin launi kawai, ya manta cewa duhun ajin yana da dangantaka da rashin wuta, ba da hikimar mai hoto kaɗai ba. Aikin da ta biyo da shi, *A Walk*, wanda ya samo asali daga bincikenta a kan mata masu ƙunar baƙin wake, inda take tsintar tarkace a kan hanya tana haɗa su da yagaggun hotuna, ya rage wannan kyau, amma ya ƙara nisa da mai kallon da bai saba da irin wannan fasaha ba.

5.0 Wa Zai Ce Ta Zo?

Ginshiƙin da aka ce ya yi rauni shi ne mai amsawa. Tatsuniya ba ta farawa da izinin mai bayarwa shi kaɗai. Sai ya ce ga ta nan ga ta nanku, masu sauraro su ce ta zo mu ji ta, sannan ƙofa ta buɗe. Idan aka yi shiru babu tatsuniya. Kuma masu amsawar 'yan gida ne, waɗanda suka san Gizo da Ƙoƙi, suke iya karɓar waƙar da ke tsakiyar labari, suke iya cewa ba haka kaka take faɗa ba. To wuraren da *Tatsuniya* ta yi suna, galibinsu ɗakunan nuni ne da mujallun fasaha da ke nesa da Borno, kuma bayanin da ke tare da ita da Ingilishi yake. A can kalmar *tatsuniya* ado ce a saman aikin, akan fassara ta da kalmar da Turawa suke kiran labarun aljanu na yara, shi ke nan a wuce. Dare da amsa da shelar ƙarya da rashin Dodo, wato duk abin da aka tattauna a sama, ba ya isa ga wanda bai tashi da tatsuniya ba. Wanda zai fi kowa fahimtar aikin shi ne ya fi kowa nisa da ɗakin da aka jera shi.

Zaɓen kalmar Hausa ma abin dubawa ne, domin Maiduguri ba ƙasar Hausa ba ce. Birnin Shehu ne, wanda aka kafa a 1907, kuma harshen fadarsa Barbarci ne. Sai dai Hausa ta zama harshen kasuwa da na filin wasa a makarantun da suka tara Barebari da Shuwa da Babur da Marghi da sauransu, don haka ba abin mamaki ba ne a ce ita ce ta haɗa mai hoto da ɗalibai. Bashi ne kuma ake biya, in aka tuna hujjar da Greenberg ya kawo a 1960 cewa *karatu* da *rubutu* ta hanyar Barbarci suka shigo Hausa, da kuma yadda almajiran ƙasar Hausa suka yi ƙarnoni suna tafiya gabas neman Alƙur'ani. Hatta *dandali*, inda 'yan matan Hausa suke gaɗa da tafa-tafa, daga *dandal* ne, wato filin da ke gaban fadar Shehu, wanda har yau wani babban titi a Maiduguri yake ɗauke da sunansa. Wasannin da ke cikin bidiyon Gambo wasannin dandali ne da aka ɗauke daga dandali aka kai ɗakin da ba a tafi a cikinsa.

Adalci ne a faɗi abin da ke rage nauyin wannan suka. Na farko, ɗaliban ba kayan jere ba ne kawai, da su aka shirya wasannin, kuma mai hoton ta ci gaba da komawa tana aiki da su, ba ɗauka ɗaya ta yi ta tafi ba. Ana iya cewa tatsuniyar ta gaskiya a ajin aka yi ta, tsakanin waɗanda suka yi wasan, abin da ya isa Turai kuwa sawunta ne. Na biyu, laifin ba na mai fasaha ba ne ita kaɗai. Jere mai na'ura yana bukatar wuta da ɗaki da tsaro, a garin da aka yanke wa layukan waya na watanni a 2013 bayan dokar ta-ɓaci, aka kuma jefa shi cikin duhu mai tsawo bayan an fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu a Janairun 2021, sannan ambaliyar madatsar Alau ta cinye babban ɓangarensa a Satumbar 2024. Wanda ya ce a kawo majigi da lasifika a irin wannan hali sai ya faɗi wanda zai sayi man janareta.

Fati Abubakar, 'yar asalin garin, ta bi wata hanya. Tun 2015 ta riƙa sa hotunan rayuwar yau da kullum a shafin Instagram da ta kira *Bits of Borno*: 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu kwalliyar salla. Manufarta kusa take da ta Gambo, wato a ga Borno ba ta fuskar gawa kaɗai ba, kuma nata aikin yana shiga wayar ɗan Maiduguri, ya duba, ya rubuta amsa a ƙasa. Ta sami masu cewa ta zo mu ji ta. Abin da ta rasa shi ne ɗakin. Hoto a tafin hannu, tsakanin tallar atamfa da saƙon ɗaurin aure, ba ya yi wa mutum daren da tatsuniya take bukata, kuma yatsa yana ture shi kafin ido ya zauna. Ɗaya tana da dare ba masu amsawa, ɗaya tana da masu amsawa ba dare.

Haɗa biyun ba sabon abu ba ne a Arewa. Kalmar *majigi* kanta ta samo asali ne daga fitilar nuna hoto ta Turawa, kuma kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a littafinsa na 2008, motocin gwamnati sun yi shekaru suna zagaya garuruwa tun zamanin mulkin mallaka, su kafa farin ƙyalle a fili, sau da yawa a ƙofar fada, bayan faɗuwar rana, mai sharhi yana tsaye a gefe yana bayani da harshen mutanen wurin, jama'a suna dariya suna mayar da magana. Abin da ake nunawa farfaganda ce ta noman gyaɗa da tsabtar gida, amma tsarin zaman na tatsuniya ne: dare, da fili, da mai bayarwa, da masu amsawa. Kayan da wancan majigi ya bukata ba su wuce mota da inji da ƙyalle ba, kuma dandal ɗin Shehu yana nan inda yake.